Lambun da Ba a Takawa

Ran Asabar ɗin da ta wuce ku uku kuka same ni a bakin hanyar duwan, wato kwastan, inda nake sayar da dashen mangwaro da lemo. Nasiru ɗan ƙanwata ya miƙo mini waya ya ce in duba. Hotunan lambun Japon ne, wani a Faransa, wani a Amurka, wani a wata ƙasa da ban riƙe sunanta ba. Ya ce: "Kawu, ai wannan ba aiki ba ne. Tsakuwa ce da duwatsu. Mai sabon otal ya ce mu yi masa irinsa kafin salla. Tsakuwa cikin babbar mota, kamiyo ɗaya, sati guda mun tashi."

Ban ba ku amsa ba a ranar, don na ji tsoron in yi magana da zafi in ɓata muku rai. Shi ya sa na zauna na rubuta. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai wuce na farko ba, in kun ga kuskure ku yi haƙuri. Amma na riƙe lambu irin wannan a nan cikin Gaya tun ina saurayi har furfura ta fito mini, kuma yau babu shi. Ina so ku san yadda aka yi shi da yadda ya tafi kafin ku karɓi kuɗin mutum.

Daga Bengu na zo. Aikina na farko ban ruwa ne a masaukin Alhaji Garba, mai motocin dakon kaya, wanda ya gina ɗakuna don baƙi a kusa da gulbi. Cikin baƙin akwai wani dattijo ɗan Japon da ya zo aikin shinkafa a fadama. Sunansa ya gagari bakin mutane, sai aka sa masa Maishinkafa, shi ma ya amsa. Faransancinsa kaɗan ne, nawa ma kaɗan, yawancin maganarmu da hannu muke yi. Bayan ɗakunan akwai fili da ake zubar da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Shi ya roƙi Alhaji a ba shi wurin. Alhaji ya ɗauka tumatir zai shuka, ya ce ya ɗauka.

Aikin da muka fara da shi neman duwatsu ne. Na zaci za mu je inda ake fasa dutsen gini mu sayo amalanke guda. Ina! Jirgin wani basarke masunci muka shiga, muka bi bakin gulbi lokacin da ruwa ya ja baya. Maishinkafa zai sauka ya zaga dutse, ya tsuguna, ya tashi, ya koma nesa ya sake kallo, sannan ya kaɗa kai mu wuce. Basarken ya tambaye ni da yarenmu na Dandanci ko mutumin ya yar da wani abu ne. Damina ta kusa kafin ya yarda da guda uku: babba dogo mai duhu, wanda ruwa ya goge masa gefe ɗaya, sai matsakaici mai faɗi, sai ƙarami kamar ɗan rago a kwance. Ya sa alli ya yi wa kowanne alama, nan ne sama, nan ne fuska. Muka naɗe su da buhuna don kada sarƙa ta karce su. In dutse ya ƙarzu, tabon fari ba ya ɓacewa, ko ka shekara kana wankewa.

Da muka kawo su ya sa na haƙa rami har ƙuguna. Na ce: "Maigida, duk wahalar nan da muka sha, kuma mu binne shi?" Ya je wurin ƙaramin da ke ajiye a ƙasa ya tura shi da ƙafa, ya yi gwal-gwal. Ya dube ni. Babban dutsen nan abin da ya shiga ƙasa ya fi abin da ya fito. Muka cusa ƙananan duwatsu a gindinsa, muka daddaɓe da taɓarya, muka zuba ruwa, muka sake daddaɓewa. Da aka gama, wanda bai sani ba zai rantse dutsen a nan Allah ya halicce shi, masaukin ne aka gina a gefensa. Wannan shi ne abu na farko da hoton waya ba zai nuna muku ba.

Ya jera su ukun a gabashin filin. Dalilinsa mai kyau ne. Barandar da baƙi ke zama tana yamma, da la'asar rana na bayan ɗakuna, mai zaune yana inuwa, haske kuma yana sauka a fuskar duwatsun. Ni da nake salla sau biyar a rana ban kawo komai a raina ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Tsakuwa kuwa, Nasiru, ba a juye ta daga kamiyo. Tankaɗe ta ake yi da rariya biyu, mai manyan ido ta fitar da manya, mai ƙanana ta zubar da yashi, abin da ya tsaya a tsakani shi ne naka. Sannan a wanke a cikin rabin tano, wato duro, har ruwan ya fita garau. In ba ka wanke ba, ruwan sama na farko zai mai da maka ita jan laka. Zanen da ke kan tsakuwar da rato ake yin sa, wato manjagara. Raton ƙarfe na kasuwa bai yi ba, haƙoransa sirara ne, zanen ba ya fita. Wurin masassaƙi muka je ya yi mana na itacen ƙirya, mai nauyi, haƙoransa kamar yatsun babban mutum. Da baya da baya ake jan sa, don rato ya shafe sawunka. Ba a tsayawa a tsakiyar layi. In ka tsaya ka yi tari, wurin zai nuna, kuma duk wanda ya zauna a baranda idonsa can zai fara zuwa. Layukan miƙaƙƙu ne daga kudu zuwa arewa, sai in sun iso dutse su kewaye shi, kamar yadda ruwa ke yi wa jirgin da aka ɗaure. Na daɗe ina ɓatawa kafin hannuna ya zauna. Ko bayan na iya, sai na je baranda na tsuguna na duba, na koma na gyara, na sake dubawa. Sau da yawa ina kan hanyar gida nake juyowa don ban tabbata na ja ƙyauren da ke tare awaki ba.

Awaki, kaji, ƙadangaru da ganyen dogonyaron maƙwabta, su ne abokan faɗana na kullum. Ganyen ba a share shi da tsintsiya. Da hannu ake tsincewa, kana tsaye a kan katako don kada ƙafarka ta nutse.

Wajen tsirrai mun sha asara. A hotunan da ya nuna mini na garinsu ƙasa duk kore ce da gansakuka. Mun gwada, muka yi mata rumfa, ina ba ta ruwa safe da yamma, zafin bazara ya ƙone ta ƙurmus. Sai ya daina. Ya nuna mini wasu hotuna na lambunan da mutanensu suka yi a ƙasashen waje, ya nuna cewa kowanne da dutsen wurin da itacen wurin aka yi shi. Muka dasa gora a kusurwa, da marke guda ɗaya a gefen arewa. Marken nan shi ya ci mini shekaru. Ba a barin sa ya yi yadda yake so, ba a kuma datse shi kamar shinge. Reshe-reshe ake bi da sekatar, almakashin yankan reshe, a cire wanda ya haye ɗan'uwansa, a ɗaure wani da igiya da ɗan dutse ya saba kwanciya. Abin da ka yanke yau sai bayan damina biyu za ka san ko daidai ne. Katangar gabas ma ya sa aka rage mata tsawo, don kawunan giginyoyin da ke can nesa su leƙo, mai kallo ya ɗauka na cikin lambun ne.

Dokar wurin ɗaya ce: ba a shiga. A baranda ake zama a kalla. Wannan dokar ita mutanenmu ba su taɓa ganewa ba. Abokan Alhaji su zo shan shayi su ce: "Alhaji, lambu ba albasa ba yakuwa, kuma ba a takawa? Wannan ai kabarin kuɗi ne." Alhaji ya yi dariya ya ce: "Ku dai sha shayinku. Turawa saboda shi suke kwana biyu maimakon ɗaya." Gaskiya ne. Ma'aikatan ayyukan raya karkara, manyan duwan, fataken da suka gaji da hayaniyar gadar kan iyaka, duk sukan zauna su yi shiru. Wani ɗan kasuwa daga Yamai da ba ya rabuwa da waya, nan kaɗai na ga ya kife ta.

Kafin baƙi su zauna akan jiƙa duwatsun da arozuwar, butar ban ruwa, don launinsu ya fito. Wannan ya jawo mini magana. Matan unguwa suka fara cewa Sule na yi wa duwatsu wanka, wa ya san abin da yake faɗa musu. Abin ya hana ni sukuni, na je na ɗauko Malam Isa, limamin unguwarmu, na zaunar da shi a baranda. Ya daɗe yana kallo. Ya ce: "Sule, kana roƙon su wani abu?" Na ce: "Allah ya kiyaye, Malam." Ya ce: "Kana yanka musu kaza?" Na ce: "Kaza ma korar ta nake yi." Ya yi dariya ya ce: "To wanke abinka. Ni ma ina wanke babur ɗina."

Da aikin Maishinkafa ya ƙare ya bar mini sekatar ɗinsa ya koma gida. Bai sake zuwa ba. Alhaji Garba ya ce mini: "Muddin ina numfashi ba mai taɓa maka wurin nan." Ya cika alkawari. Da ya rasu masaukin ya koma hannun ɗansa Laminu, wanda na sani tun yana rarrafe. Shi ma bai taɓa ba, don baƙi na zuwa.

Sai shekarar da aka rufe iyaka, aka hana haye gada. Kun ga abin da idonku, ba sai na faɗa ba. Kamiyoyi suka yi layi har bayan gari, albasa na ruɓewa a cikinsu, direbobi na kwana a ƙarƙashin mota. Baƙon otal ko ɗaya babu. Laminu ya fasa katangar kudu ya yi ƙofa, ya buɗe harabar gaba ga direbobi su ajiye mota su sami ruwa da makewayi. Na ce masa: "Alhaji ƙarami, a sa wayar shinge a tare lambun." Ya ce: "Baba Sule, mutane na neman abin da za su ci, kai kana maganar tsakuwa. Ka sa ido kawai."

Na sa ido. Amma ranar nan famfo ya ɗauke, na tura buruwet, wato baro, zuwa gulbi ɗebo wa marke ruwa. Ina dawowa da azahar na tarar da takalma jere a bakin baranda. Mutane sun cika tsakuwar, sahu-sahu, liman a gaba, suna raka'a ta biyu. Na tsaya da jarkoki a hannu har suka sallame.

Wani direba ɗan Ƙonni, Hamidu, ƙato mai fara'a, ya taso ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce: "Baba, kai ne mai wurin nan? Allah ya saka maka da Aljanna. Daga Kotonu har Agadas na yi salla a tasha-tasha, ban taɓa ganin masallaci mai shara irin wannan ba. Har layin sahu ka ja mana!"

Na duba. Layukan ratona daga kudu zuwa arewa suke, daidai yadda sahu ke tsayawa. Wuri ne mai tsabta, an kewaye shi da ƙananan duwatsu, ba kashin akuya, ba sawun kowa. Duk ɗan ƙasar nan da ya ga haka masallaci zai ce. Ban ga laifinsu ba a ranar, ban kuma gani ba har yau. Na buɗe baki in ce ba a takawa, sai na ji yadda maganar za ta fita: ni Sule, ina hana matafiya salla. Na ce: "Amin."

Bayan sun tashi na ja rato. La'asar suka dawo. Na sake ja. Haka muka yi ta yi, su taka in gyara, har kafaɗata ta kumbura. Hamidu ya riƙa cewa: "Baba, ka huta mana, ladan ya isa haka!" Na koma wurin Malam Isa, ya tsufa sosai lokacin. Na ce: "Malam, in na hana su, na yi zunubi?" Ya ce: "Wurin na da tsarki?" Na ce: "Duk Gaya babu inda ya fi shi." Ya ce: "Mai wurin ya hana?" Na ce: "A'a." Ya ce: "Suna da wani wurin?" Na ce: "Harabar gaba duk baƙin mai ce da fitsarin dare." Ya ce: "To Sule, me kake so in ce maka?"

Da a nan abin ya tsaya, da na jure. Tsakuwa ana sake tankaɗe ta. Amma na ce ku riƙe maganar gabas. Wata Juma'a wani malami cikin fasinjojin da suka maƙale ya ja su salla, da ya sallame ya juyo ya ce: "Jama'a, waɗannan duwatsun fa? Guda uku a tsaye a alƙibla, muna yi musu ruku'u da sujada? Wanda ya hango mu daga nesa me zai ce?" Wani ya ce ai ya ga tsohon nan yana zuba musu ruwa. Aka juyo ana kallona. Hamidu ya ce: "Kai, ku bar Baba, mutumin kirki ne. A dai cire duwatsun, shi ke nan."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban iya cewa malamin ya yi ƙarya ba. Ni ma da na tsaya a sahun na ɗaga ido na ga dogon dutsen nan a gabana, sai da gabana ya faɗi. Na je wurin Laminu. Ya ce: "Baba Sule, kana so a ce ɗan Alhaji Garba ya fifita dutse a kan salla? A garin nan? Ina zan sa kaina?"

Suka zo da diga da shebur. Na ga za su sare fuskar matsakaicin, na ce su dakata, na nuna musu inda gindinsa ya tsaya da yadda za su sa ƙarfe ta ƙasa. Biyun suka fita lafiya, ko ƙarzuwa ba su yi ba. Na sa aka jingine su a bayan makewayi, na rufe da buhu, da niyyar in gada ta buɗe in san yadda zan yi. Kwana kaɗan na zo na tarar da buhun a ƙasa. Ladi mai abinci, wata bazawara daga Zabori da ke dafa wa direbobi, ta sa an mirgina mata su. Ta haɗa da bulo guda ta ɗora babbar tukunyar shinkafa da wake. Ta ce: "Baba, ka ga duwatsun nan kamar don murhu aka yi su. Tukunya ko motsi ba ta yi." Dutsen gulbi ba ya son wuta. Kafin sati ya zagayo mai faɗin ya tsage biyu, ƙaramin ya yi baƙi ya fara ɓarewa.

Babban ya ƙi fita. Sun haƙa har suka gaji, suka ɗaura masa sarƙa suka ja da kamiyo, sarƙar ta tsinke ta fasa gilashin wata mota. Hamidu ya share gumi ya ce: "Baba, wane ne ya dasa wannan? Aljani?" Na ce: "Ni ne." Daga ƙarshe guduma suka sa. Yini biyu suna dukan sa har suka sare shi daidai da ƙasa. Marken kuma rassansa na ƙasa, waɗanda na shekara ina kwantar da su, su suka fi sauƙin kaiwa ga mai neman itacen wuta.

Direbobi suka yi karo-karo aka zuba siminti, aka kafa rumfar kwano. Laminu ya ce in zauna in riƙa share masallacin, albashina na nan. Na gode masa, na ɗauki ratona da sekatar na fito.

To ga abin da zan ce muku. In za ku yi, ku fara tambayar mai otal ko ya yarda da wurin da ba za a taka ba, ko ranar suna, ko ranar da baƙi suka yi yawa. Ku tambaye shi ɗansa fa. Ku tsaya a inda za a zauna ku duba ina ne gabas, kada ku sa dutse a can, kada kuma layinku ya bi sahu. Ku gina masa wurin salla mai kyau a kusa, da buta da inuwa, kafin ku zuba tsakuwa ko kwano ɗaya. Maishinkafa bai san wannan ba, ba a koyar da shi a ƙasarsu, kuma ba ya cikin wayarku. Raton yana ɗakina, Nasiru, ka zo ka ɗauka. Kada ka ce sati guda a gabana kuma.

Masallacin yana nan, ana cika shi, ya fi kowanne kusa da inda nake sayar da dashe. Na yi salla a ciki sau ɗaya. Na sami sahun gaba, na yi sujada, sai na lura goshina yana daidai inda gindin dutsen yake a ƙarƙashin siminti, da ƙananan duwatsun da na cusa masa da hannuna. Har aka sallame ban san surar da liman ya karanta ba. Na je gida na rama sallar. Tun ranar, in an kira, sai in rufe dashena da buhu in taka zuwa masallacin bakin kasuwa. Da nisa, kuma gwiwata ba ta so, amma can ban san abin da ke ƙarƙashin tabarma ba.